Gidan Da Aka Sa Wa Koren Alli

Akwai wani ma'aikaci da ofishinsu ya tura wata unguwa ta bakin rafi, ana saura wata guda damina ta kankama. Aikinsa ya bi gida-gida da fom, ya auna wa zai iya jure ambaliya, wa kuma ruwa zai fi yi wa illa. Gidan da ke cikin haɗari ya sa masa jan alli a bango. Wanda ya ga zai iya da kansa ya sa masa kore. In ruwa ya zo, masu ceto ja za su bi.

Kwana biyu da fara aikin, 'yan unguwa suka laƙaba masa suna Mai Fom.

Ya iya aikinsa, wannan ba a raina masa ba. Hali ɗaya gare shi: duk abin da ba shi da gurbi a takarda, a wurinsa bai faru ba.

A ƙarshen layi akwai gidan wani tsoho da ake kira Baba Direba. 'Ya'yansa huɗu da ke aiki a nesa suka gina masa. Bangon siminti, katanga mai tsawo da waya mai kaifi a samanta, ƙofar ƙarfe. Mai Fom ya daɗe yana bugu kafin aka buɗe.

Duk tambayar da ya yi, tsohon sai ya yi murmushi ya gyaɗa kai. Siminti ne? Ya gyaɗa. Akwai wayar hannu? Ya gyaɗa. Ya jawo masa kujera, ya ce, "Zauna mana ɗana, ka sha ruwa, mu ɗan taɓa hira."

"Saura gida arba'in, Baba."

Tsohon ya raka shi bakin ƙofa yana jan ƙafa. Mai Fom na jin ƙarar kulle kwaɗo biyu a bayansa, ya zana koren alli ya wuce.

Gida na gaba na Inna Tela ne, uwar marayu. Ɗaki biyu, bangon ƙasa ya tsage an tokare shi da itace, keken ɗinki a ɗore kan bulo huɗu. Ko zama bai yi ba ya zana ja.

Ta leƙo ta duba. "Mun gode Malam, ko ba komai bangon ya samu kwalliya. Gidan Baba fa, me ka sa masa?"

"Kore."

Ta ajiye almakashi. "Da ka ɗauki janmu ka ba shi."

Ya yi dariya. "Inna, gidanki ko tari aka yi da ƙarfi sai ya zube. Shi kuwa 'ya'ya huɗu masu albashi."

"Albashi ba ya goyon tsoho. Shekara talatin yana jan babbar mota, ƙarar inji ta cinye masa kunne. Wayar nan sai ta yi kuka ta gaji bai ji ba. Gwiwa ta ƙi. Ga kwaɗo biyu ta ciki, makullin ma sai ya yi ta nema. Mu nan kafin ruwa ya kai idon sawu mun buga wa juna ƙofa. Maƙwabcinmu kafinta ya san tsohuwar da zai goya, matarsa ta san yaran da za ta kwasa. Shi wa zai kai gare shi?"

"Fom ba shi da gurbin kurma."

"To rubuta a gefe."

"Gefe ba ya shiga kwamfuta, Inna. Kowa da sana'arsa. Ni ban ce ki gyara wuyan riga ba."

Ta ɗauki almakashinta. "Allah Ya kyauta," ta ce.

Ranar wata Talata aka tashi da ruwa tun safe. Zuwa azahar rafin ya ƙetare gada ya shigo unguwa, jajawur, ɗauke da kujeru da matattun kaji. Aka sa Mai Fom cikin jirgin masu ceto, takardarsa a cikin leda, shi ke nuna hanya.

Gida goma sha tara ya sa wa ja. Na farko babu kowa. Na biyu babu kowa. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya suna kira, shiru. Sau biyu suka wuce ta gaban ƙofar ƙarfen nan. Direban jirgi ya nuna ta da haɓa, Mai Fom ya duba takarda ya ce, "Kore ne, mu je."

Sai wajen la'asar suka isa makarantar da ke kan tudu. Ashe duk mutanen jan alli suna can, sun fitar da juna tun da hantsi. Inna Tela ta taho jiƙe sharkaf, ba takalmi.

"Kun ɗauko Baba?"

Mai Fom ya girgiza kai.

"Mun buga ƙofar da dutse har ruwa ya zo mana ƙirji. Kafinta ya hau katanga, waya ta yanke masa hannu. Muka ce ai masu jirgi na da abin yanka ƙarfe."

Suka koma. Yankan ƙofar bai ɗauki minti biyar ba.

A bayanta suka same shi. Kwaɗo ɗaya a buɗe, makullin na biyun a damƙe a hannunsa. Wayarsa tana saman durowa, saƙon gargaɗi uku a ciki ba a buɗe ba. Da suka fito da shi, Mai Fom ya waiga. Ruwan bai kai ga koren allin ba, yana nan raɗau.

Da suka kai shi makarantar, ya so a ce Inna Tela ta zage shi. Ba ta yi ba. Ta cire mayafinta ta lulluɓe tsohon, ta ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Allah Ya jiƙan Baba." Wannan ya fi masa zagi ciwo.

Bayan kwana uku ya tafi gaida mahaifiyarsa, a gidan da shi da kansa ya gina mata, yake alfahari da shi. Siminti, katanga, ƙofar ƙarfe. Ya buga, ya sake bugawa, ya buga na uku kafin ya ji tafiyarta a hankali.

Bayan sun gaisa ya ce, "Mama, in wani abu ya taso, wa zai buga miki ƙofa?"

Ta ce, "Da dai maƙwabta kan leƙo ta saman katanga mu gaisa. Tun da ka ɗaga ta, sai dai in ji motsinsu." Ta ga fuskarsa ta canza, ta yi saurin cewa, "Ba komai ɗan albarka, ai kana kira duk ƙarshen mako."

Ya fito waje ya tsaya gaban bangon. Ya sa hannu a aljihu, ya ji guntun alli biyu. Ya ciro jan, ya zana.

Darasi: Ƙarfin gida ba a bango yake ba, yana ga mutanen da za su buga ƙofarsa ranar wuya. Kada ilimi ko muƙami ya hana ka sauraron wanda ya san abin da takarda ba ta sani ba. Yau ɗin nan, leƙa tsohon da ke zaune shi kaɗai kusa da kai, ka fara da iyayenka. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila sanadinku a buga wa wani ƙofa da sauran lokaci. Allah Ya tsare mu.