Sunan da Ba Ya Cikin Takarda

Glenys Harcourt ita ce manajar wani gidan kula da tsofaffi a bakin daji, a jihar Victoria, can wata ƙasar ƙetare. Ta iya magana, ta iya ƙawata rahoto, amma wallahi ko fuskar rabin tsofaffin da aka damƙa mata ba ta sani ba. Daga ofis sai mota. Kwamitin amintattun gidan kuwa ba a magana. Duk wata uku su taru a cikin gari, su sha shayi, su ce "Madalla, Glenys," su watse.

Ƙa'ida ce kafin zafi ya shigo a sabunta jerin sunayen mazauna gidan da ɗakin kowa, saboda gobarar daji. Glenys ta ga wahala ce. Ta ɗauko takardar bara, ta canja kwanan wata, ta rattaba hannu.

Marivic, ma'aikaciyar jinya, ta bi ta har ofis.

"Glenys, takardar nan fa ta bara ce. Misis Doyle ta rasu tun watan Yuni, ga sunanta nan. Mista Kowalczyk da ya zo a Satumba ba ya ciki. Kurma ne fa, kuma ɗakinsa can baya yake."

Glenys ko ɗagowa ba ta yi ba. "Au, yanzu ke ce manaja? Ga kujera, zo ki zauna."

"Gyaran minti biyar ne."

"Kwamiti ya riga ya amince. In koma in ce na yi kuskure? Je ki raba magani, don Allah."

Marivic ta rubuta wa shugaban kwamitin. Shi kuma gogan naka sai ya tura wa Glenys ɗin wasiƙar, wai ta duba. Abin takaici! Glenys ta duba kuwa, ta rage wa Marivic ranakun aiki, ta cike gurbin da ma'aikatan haya waɗanda ba su san kowa ba.

Wata Talata a watan Janairu, lokacin tsananin zafi a can, da tsakar rana, iska ta juyo da wutar daji wajen gidan. 'Yan kwana-kwana suka zo da motoci biyu. Glenys ta tsaya tana kiran suna daga takardar. Kowa ya amsa ban da Misis Doyle. Ta tuna an taɓa yi mata wata magana a kan takardar, amma ta kasa tuna ko mece ce, don ba ta saurara ba. Minti ashirin 'yan kwana-kwana biyu suka yi cikin hayaƙi suna neman matar da ke kabari, har aka tilasta musu fitowa.

A zauren makarantar da aka sauke tsofaffin, Marivic ta shigo da gudu daga gida, tana duba fuskoki.

"Ina Mista Kowalczyk?"

Glenys ta duba takardar. "Ba ya ciki."

"Ba takarda nake tambayarki ba!"

Wuta ba ta taɓa ɗakinsa ba, hayaƙi ne ya kashe shi. An same shi a kujera, hularsa a ka, jakarsa a cinya. Ya ga hayaƙin ta taga, ya shirya tsaf, yana jiran a zo a ɗauke shi.

Aka rushe kwamitin. A kotu aka miƙa wa Glenys takardar, aka tambaye ta ko sa hannunta ne. Ta ce nata ne.

Darasi: duk wanda aka ba amanar marasa ƙarfi ya sani cewa sa hannunsa rai ne na wani. Ka tashi ka je ka gani da idonka, ka saurari na ƙasa da kai idan ya nuna maka kuskure. Kunyar gyara ta minti biyar ce, amma Mista Kowalczyk ba zai dawo ba.