Gungumen da Ba a Ɗauke Ba

Akwai wata gwauruwa da ta yi shekara talatin da wani abu tana sana'ar itace. Da sassafe ta shiga daji da gatari da gammo, kafin rana ta take tana bakin kasuwa da dami a ka. Da wannan itacen ta ciyar da 'ya'ya huɗu, da shi ta sa su makaranta. Wanda ya taɓa ɗauko ɗanyen itace daga gindin dutse zuwa gari ya san abin da nake faɗa. Wanda bai taɓa ba, ya gode wa Allah ya yi shiru.

Da tsufa ya zo, bai zo da wasa ba. Baya ya riƙe, gwiwoyi suka ƙi. Autanta Irmiya, da ke aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, ƙasar sanyi da yawan ruwan sama, ya aika aka kawo ta. Likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma tafiya ba ta dawo ba. Matar da ba ta taɓa cewa wani ya miƙo mata ruwa ba, yanzu sai an ɗaga ta, sai an kwantar.

Abin ya ci mata rai ƙwarai. Ta rage cin abinci, ta daina waƙoƙin sujada da take yi da safe. Wata rana ta ce, "Irmiya, ka mai da ni gida. Na gama amfani, na zama maka kaya. Gara in je ɗakina in jira Ubangiji inda ba zan wahalar da kowa ba."

Irmiya ya san gidan babu kowa, yayyensa duk sun watse birane. Ya san kuma idan ta koma da wannan zuciyar, ba za ta ga wata damina ba. Ya yi roƙo har ya gaji, ta kafe. Sai ya ce, "To Mama, na ji. Amma ke mutuniyar daji ce. Kafin ki tafi, bari in kai ki ki ga dajin ƙasar nan." Ba wata dabara ya shirya ba, so yake kawai ta sha iska.

Gandun daji ne da hukuma ke tsarewa, an shimfiɗa hanyar katako a cikinsa. Ya lulluɓe ta da bargo, ya tura ta a keken marasa lafiya, ana ɗan yayyafi. Itatuwan wurin, wasu sun haura shekara dubu, maza goma ba za su iya rungume gindin ɗaya ba. Gansakuka ta rufe su, tana reto daga rassa kamar tsummoki. Tsohuwa ta ɗaga kai tana neman ƙarshensu har ɗankwalinta ya zame. A hankali ta ce, "Ikon Allah."

Sai idonta ya sauko ƙasa, ta ga manyan gungumai kwance ko'ina suna ruɓewa. Nan fa mai itace ta farka. Ta ce, "Irmiya, mutanen nan ba su da gatari ne? Dubi wannan. Zai dafa tuwon unguwa guda har shekara ta zagayo, amma an bar shi yana lalacewa. Wannan ai lalaci ne." Irmiya ya yi dariya, gama ya daɗe bai ji faɗanta ba.

Wata mai kula da dajin ta matso ta tambayi abin da ya ɓata wa tsohuwa rai. Da Irmiya ya faɗa mata, sai ta yi murmushi ta yi bayani, yana mayar wa uwar da Hausa. Ta ce, "Ba ma ɗauke su. Ƙasan dajin nan duhu ne da cunkoson ciyayi, irin da ya faɗi can da wuya ya rayu. Amma wanda ya faɗi bisa gungume yana samun haske, da laima, da abinci." Ta nuna saman gungumen, sai ga 'yan itatuwa kamar yatsu sun tsiro a jere.

Ta kai su gaba kaɗan, inda wasu ƙattin itatuwa ke tsaye a layi ɗaya. Saiwoyinsu sun buɗe kamar ƙafafun kujera, da rami a ƙarƙashi. Ta ce, "A nan nasu gungumen ya kwanta."

Tsohuwa ta ce, "To, ina ya tafi?"

Matar ta ce, "Yana cikinsu."

Tsohuwa ta dubi itatuwan. Ta ƙirga su da yatsa, shida. Ta ce, "Ya fi ni. Nawa huɗu ne."

Irmiya ya durƙusa bisa jiƙaƙƙen katakon, ya riƙe hannuwanta masu kanta. Ya ce, "Mama, a kanki muka tsiro, kuma ba mu gama ci ba. 'Ya'yana ba su iya addu'a da Hausa ba, wa zai koya musu? Don Allah kada ki ce a ɗauke ki."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Can ta ce, "Tashi, wandonka zai jiƙe." Da ya tashi, ta ce, "Abincin nan da ka saka a jaka, akwai saura?" Ta ci a nan, cikin yayyafi, kuma ba ta sake maganar komawa ba.

'Yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Dajin shi ne ikkilisiya, mai dajin kuwa Ubangiji ne, kuma a dajinsa ba a share wanda ya kwanta. Mu ne muke auna mutum da abin da yake iya ɗauka a ka. Ku iyayenmu da ƙarfi ya ƙare, kwanciyarku ba ƙarshen hidimarku ba ce. Addu'arku da haƙurinku, har da faɗanku, da su ƙananan nan suke girma. Ubangijinmu Yesu ma da ya ba da kansa aka kwantar da shi a kabari, daga nan ne dukanmu muka sami rai.

Ku kuma da kuke tsaye da ƙarfinku, ku duba ƙarƙashin ƙafafunku, wani ne ya kwanta kuka hau. Irmiya ya yi wata da watanni yana ba uwarsa magani, amma bai taɓa faɗa mata yana bukatarta ba sai ran nan. Idan uwarku tana da rai, idan ubanku yana da rai, kada ku jira sai ramin kawai ya rage. In an tashi sujada yau, ku je ku faɗa musu.