Ƙwaryar Hatsin Inna Fatsima

Ku yi mini haƙuri, sunan ƙauyen ya kuɓuce mini, tsufa ke nan. Na dai san a ƙasar Maradi yake.

Akwai wata tsohuwa, Inna Fatsima, da ke zaune wurin ɗiyarta Raliatou a unguwar Minguettes, gefen birnin Lyon a Faransa. Majami'ar ƙauyensu irin wadda dattawa ke jagoranta ce. An sha haɗe ta da wasu ikilisiyoyi har sunanta ya ɓace. Al'ada guda ta rage: in kaka ta yi, kowane gida ya kai hatsin fari majami'a kafin ya ci.

Wajen 2013, 'yan tsirarun Kiristocin Nijar da ke sujada a falo, har da su Inna, suka nemi haɗewa da wata babbar majami'ar Turawa. Moutari, ɗan ƙauyen su Inna mai aiki a Paris, shi ya shige gaba.

Ranar sujadar haɗewa, a kaka, sai ga Inna a bakin ƙofa da ƙwaryar hatsi a ka.

"Inna, nan Faransa ce," in ji Moutari. "Bar ta a mota, kada su ga ƙauyanci su fasa."

"Ƙauyancin nan ya raine ka. An ɗauke mana suna, na yi shiru. An sake mana waƙoƙi, na yi shiru. Hatsi kam, sai dai a kore mu tare."

"Inna, ça ne se fait pas!" ya ce da Faransanci, wai ba a yin haka.

"Faɗa da Hausa, in ka isa."

Ta ratsa tsakiyar jama'a, ta dire ƙwaryar a kan teburi. 

Wani Bature cikin dattawan majami'ar ya taso da sanda, ya nutsa hannu cikin hatsin, ya tambayi ma'anarsa. Raliatou ta bayyana masa. 

"A ƙauyenmu alkama muke kaiwa," ya ce. "Da muka haɗe da na birni, muka daina. Ba wanda ya hana mu. Mu muka ji kunya."

Aka yi haɗewar, ƙwarya na kan teburi.

Daga baya na kira Raliatou don in tabbatar. Ta ce tun da Inna ta rasu, Moutari ke aiko hatsin daga Paris kowace kaka.

Darasi: In za ka haɗa kai da wasu, shiga da abin da ka gada, kada ka ajiye shi a ƙofa. Ku tura wa 'yan uwa, musamman na nesa da gida.