Hakin da Chun-hwa Ta Ɓoye wa Likita

Akwai wata mata a ƙauyenmu na bakin teku a tsibirin Jeju, sunanta Bu Chun-hwa. Shekara arba'in da biyar tana nutso tana ciro dodon-koɗi daga ƙarƙashin duwatsu, da numfashinta kawai. Cikin matanmu masu nutso babu mai dogon numfashinta, kuma ta san da haka. Bakinta kuwa, sai dai haƙuri.

Wadda ta fi shan bakin nan ita ce abokiyar nutsonta, Hyeon Ok-rye.

"Ke Ok-rye, wanka kika zo yi ko aiki? Agwagwa ma ta fi ki nisa!"

Ok-rye sai ta yi dariya ta ce, "Na ji, Yaya."

Shekara huɗu baya, ciwon daji ya kama huhun Chun-hwa na dama. Aka yanke wani sashe, ta warke, ta koma ruwa. Sai ga shi bara hoto ya sake nuna ƙullutu a wannan huhun dai.

'Yarta tana aiki can nesa a birnin Busan, don haka Ok-rye ce ta raka ta asibiti.

Likita Yang bai ɓoye mata komai ba. Ya ce, "Mama, aikin tiyata na biyu ba kamar na farko ba ne. Tabon wancan ya manne huhun da ƙirji, raba su yana jawo zubar jini. Ɗinki na iya yoyon iska, huhu na iya kumbura. In huhun da ya rage ba shi da ƙarfi, za mu iya sa ki a injin numfashi mu kasa cire ki. Ki faɗa mini gaskiya, kina haki in kin hau tudu?"

Chun-hwa ta harare shi. "Ni? Ɗana, minti biyu nake yi a ƙasan teku tun ba a haife ka ba. Ka yanka ni a makon nan, kakar nutso ta zo, ruwa na jirana."

Ƙarya take yi, jama'a. Mai nutso gara ta ce ba ta da abinci da ta ce ba ta da numfashi.

Sai Ok-rye, wadda ba ta taɓa musa mata ba, ta ce, "Likita, daga bakin ruwa zuwa gidanta sau uku take tsayawa. Sai ta yi kamar takalmi take gyarawa."

"Ok-rye! Wa ya sa bakinki?"

"Ki zage ni har gida, Yaya. Na fi son zaginki da zaman makokinki."

Likita ya sa aka yi mata gwajin busa iska, sakamako ya fito ƙasa da yadda ake so. Ya ɗage aikin mako huɗu. Ya ba ta wata 'yar roba mai ƙwallaye uku, ya ce ta riƙa zuƙa har su tashi, ta kuma riƙa hawan tudu kullum.

Kai, ranar Ok-rye ta ji maganganu a cikin bas! Amma washegari da safe sai ga ta a ƙofar gidan Chun-hwa da kunun shinkafa mai zafi.

"Tashi mu je tudu."

"Ba inda za ni da maciya amana."

"To, zan zauna a nan har ki gaji da ganina."

Haka suka yi ta hawa tsakanin gonakin lemo, ɗaya na haki tana mita, ɗaya na ƙirga taku. Makon farko ƙwallo ɗaya ke tashi. A na huɗu, ukun suka tashi.

Aikin ya ɗauki awa shida. Abin da likita ya ji tsoro kuwa ya faru: ɗinkin ya yi yoyon iska, zazzaɓi ya rufe ta. Kwana goma sha ɗaya tana kwance da tiyo a ƙirji. Mu da muka je dubiya mun tsorata ƙwarai, ni dai har kuka na yi. Amma huhun ya riƙe.

Ranar da aka cire tiyon, Likita Yang ya ce, "Mama, da na yi aikin nan a kan maganarki ta farko, ban san ko za mu yi wannan hirar ba."

Chun-hwa ta juya wajen Ok-rye, wadda ke ɓare mata lemo, ta kama hannunta.

"Shekara talatin ina raina ki," ta ce, hawaye na zuba. "Ki yafe mini."

"Ci lemonki, Yaya. Likita ya ce gobe za mu zaga baranda sau biyar."

"Shida," in ji Chun-hwa.

Darasi: Girman kai a gaban likita na iya cin rai. Tiyata ta biyu tana da haɗarin da ta farko ba ta da shi, don haka ka faɗi gaskiyar jikinka, ka yi haƙuri da shirin da aka ba ka. Wanda kuma ya tona ka don ka rayu, riƙe shi da kyau. Ku tura wa duk mai jinya ko mai jiran aiki, wataƙila yau yake buƙatar jin wannan.