Biri da Kekensa Mai Leda

An yi wani Biri a ƙauyen Tudun Kanya, ɗan son a gani ne na ƙarshe. Idan ya sa sabuwar hula, sai ya zagaye gari har kowa ya ce masa ta yi kyau. A ƙauyen akwai Tunkiya, uwa mai yawan fargaba a kan tagwayenta, da kuma maƙwabciyarta Zabuwa, wadda duk abin da ya yi ƙyalli ya gama tafiya da hankalinta.

Makarantar yaran ƙauyen tana tsallaken rafi. Wata rana Biri ya dawo daga birni da sabon keke mai ƙafa uku, irin mai akwati a baya. Ya ce daga yau shi zai riƙa kai yara makaranta yana dawo da su. Iyaye suka yi murna, don da damina ruwan rafin yakan kai wa ƙananan yara har wuya.

Keken ya zo naɗe da leda, kamar yadda sabon kaya ke fitowa daga kanti. Kowa ya ɗauka gobe zai cire. Gobe ta yi, bai cire ba. Damina ta kankama, bai cire ba. Inda ledar ta yage ma, sai ya nemo wata ya naɗa, wai don duk wanda ya gani ya san keken sabo ne fil.

To, kullum keken sai ya ratsa rafi, ruwa ya shige ƙarƙashin ledar ya kwanta. Da yamma kuma Biri ya ƙara kwara masa bokiti guda, ya goge saman ledar tana walƙiya, ya bar shi a waje raɓa na sauka a kai.

Ran nan tagwayen Tunkiya suka dawo gida, sai ta ga ja-ja a farin gashinsu. Ta ɗauka jini ne. Ta juya su gaba da baya, ba ciwo. Da ta shinshina, sai ta ji warin ƙarfe. Ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba, ta nufi gidan Biri.

Ta same shi yana kallon fuskarsa a madubin keken.

"Gwaggo, lafiya kike haki haka?"

"Ina lafiya? Mene ne wannan jan ruwan da ke ɗiga daga kekenka?"

"Jar ƙasa ce ta hanya."

"Jar ƙasa a ƙarƙashin leda? Ɗan nan, ni za ka yi wa wayo? Tsatsa ce. Cire ledar nan mu gani."

Biri ya tare keken da jikinsa. "In cire? Don a ce tsoho ne? Gwaggo, ledar nan ita ke kare shi."

"Kare shi daga me? Ruwa ya shiga, ta hana shi fita, ta hana iska ta busar da shi. Ko laujena in na yi yankan ciyawa, sai na goge shi ya bushe na shafa masa mai kafin in rataye. Balle abin da ke ɗaukar 'ya'yan mutane."

"Au, kekena za ki haɗa da lauje?"

"Ƙarfe ne, ƙarfe ne. Ka cire, ka kankare inda ya yi ja da yashi da lemun tsami, ka shanya shi a rana, ka sa baƙin mai a gaɓoɓinsa. Yau in ka yi, zai gyaru."

Zabuwa ta jiyo hayaniya ta leƙo ta katanga. "Yaya Tunkiya, ke dai ba kya rabo da tsoro. Dubi abu yana sheƙi kamar kayan ɗakin amarya, ki ce wai ya lalace. In ya cire ledar, me ya bambanta shi da baron masu dako?"

"Gaya mata dai, Hajiya," in ji Biri. "Baƙin ciki ne kawai."

"Baƙin cikin me zan yi maka? Ni ba hawa nake ba. Amma ka ji da kyau, daga gobe 'ya'yana ba za su ƙara shiga akwatin nan ba."

"Sai ki goya su," in ji Zabuwa, tana dariya har da buga fiffike.

Haka kuwa aka yi. Kullum da safe Tunkiya ta ɗora tagwaye a gadon bayanta ta ratsa rafi, ruwa na kai mata ƙirji. Biri ya zo wucewa ya fantsama mata ruwa da gangan, yana cewa, "Sannu da ninƙaya, Gwaggo." Ita kuwa ba ta daina bin gidaje tana roƙon iyaye su duba keken nan ba. Wasu suka ce za su duba. Wasu suka ce Tunkiya ta fiye mita. Ba wanda ya duba. Ku ji fa, wai a ce uwa ta miƙa ɗanta ga abin hawa don kawai yana ƙyalli.

Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, rafi ya cika ya yi ƙarfi. Tunkiya ta sauke tagwayenta a tsallake ke nan, sai ga Biri ya gangaro da gudu, akwati cike da 'ya'yan Zabuwa. Yana kaiwa tsakiyar ruwa sai aka ji ƙas. Ƙarfen da ya haɗa akwatin da gaban keken ya karye. Biri ya yi gaba da ƙafar keken ta gaba ya kife cikin laka, akwati ya juye, ruwa ya kwashi 'yan zabi.

'Yan zabi kuwa ba su iya ruwa ba. Tunkiya ta koma cikin rafin a guje, ta gitta jikinta ta tare su, suka maƙale a gashinta ɗaya bayan ɗaya. Autan ne ya kusa wuce ta, ta cafko shi da baki. Ta fito da su duka da rai, amma autan fiffikensa ya karye.

Labari ya kai gari. Zabuwa ta iso ba ɗankwali, ta rungume 'ya'yanta. Da ta ga fiffiken autanta yana reto, sai ta juya kan keken da aka jawo bakin gaɓa. Da bakinta da faratanta ta yayyage ledar nan tas.

Kowa ya matso ya duba. Ƙarfen ya yi jajur tun daga sama har ƙasa. Inda ya karye, ana taɓawa yana marmashewa kamar ƙuli-ƙuli.

"A kan wannan kake ɗora mini 'ya'ya?" in ji Zabuwa. "Mugu, azzalumi."

Biri yana tofar da laka ya ce, "Ai ke ma kin ce kada in cire."

"Ku yi mini shiru ku duka," in ji Tunkiya, ruwa na tsiyaya daga jikinta. "Kai ka ƙi dubawa, ke kin ƙi tambaya. Ga wanda ya sha wahalar nan, bai san hawa ba bai san sauka ba. Ki ɗauke shi ku tafi wurin mai ɗori."

Bayan kwana biyu Biri ya zo ƙofar Tunkiya, kansa a ƙasa. "Gwaggo, yanzu zai gyaru?"

"Inda ya ruɓe sai maƙeri ya yanke ya sa sabo. Sauran kuwa kai za ka kankare da hannunka. Kuma ba a bayan gida ba, a dandali."

"A dandali? Kowa na kallo?"

"Kowa na kallo. Iyaye su ga abin da ake ɗora 'ya'yansu a kai."

Biri ya zauna a tsakiyar dandali da yashi da lemun tsami da tsumma, yana kankara har tafin hannunsa ya yi kanta. Ya wanke, ya shanya, ya shafa fenti, ya sa mai a sarƙa da gaɓoɓi. Keken ya fito da tabon gyara ko'ina, ba mai yi masa kallon sabo. Duk da haka Tunkiya ba ta yarda ba. Ta hau akwatin da nauyinta, ta yi tsalle a ciki, ta sauko ta leƙa ƙarƙashi. Sannan ta ɗauki tagwayenta ta sa a ciki da hannunta.

Zabuwa kuwa ta ce nata sai autan ya warke tukuna, kuma ita za ta riƙa dubawa kowace safiya.

Darasin wannan labari shi ne, tsatsa a ɓoye take cin ƙarfe, kuma rufe ta ba ya hana ta ci. Yara, in kun yi aiki da fartanya ko wuƙa, ko kun hau keke cikin ruwa, ku wanke, ku goge ya bushe, ku shafa mai, ku ajiye inda ba laima. In kun ga ja ya fito, ku kankare tun yana kaɗan. Kuma kada ku ji kunyar a ga kayanku sun tsufa. Abin kunya shi ne a ji wa ɗan wani ciwo saboda kuna son a yaba muku.