Tsarabar da Za a Kai Japan

An yi wata ɗaliba a Zariya mai suna Rumasa'u, wadda son ƙasar Japan ya shige ta, har tuwo ma da tsinke biyu take ci. Da aka zaɓe ta cikin masu zuwa can musayar al'adu, aka ce kowa ya riƙo wa gidan da zai sauka tsaraba. Fargabarta ɗaya, kada mutanen da take ganin girmansu su raina abin da ta kawo. Sai ta naɗe tsuntsayen takarda irin nasu har ɗari, ta kai marina ta nuna wa kakanta, Malam Ɗanjuma.

Tsoho ya ce, "Amarya, aikin ya yi kyau. Amma zauna ki ji labarina da Haruko."

Ta ce, "Wace ce kuma, Kaka? Kishiya ka yi mini?"

Ya ce, "Bajapaniya ce, ta zo koyon rini. Wata uku kullum tana riga ni zuwa, ta share bakin rijiyoyin rini, ba ta taɓa zama ina tsaye ba. Wallahi ban ga mai ladabinta ba. Da za ta tafi na ga kayanmu ba su kai a ba ta ba, na sayo mata rediyo. Ta karɓa da hannu biyu, ta juya bayansa, ashe ƙirar ƙasarsu ce. Ta yi murmushi ta ce, 'Malam, ka tuna mini da Shigeru masunci.' Na ce, 'Me ya same shi?'

"Ta ce, 'Wani dattijo mazaunin kan dutse ne ya gayyace shi. Shigeru ya ji kunyar busasshen kifinsa, ya bar shi gida, ya sayi ganyen shayi mai tsada a hanya. Dattijo ya shinshina ya ce, wannan ai daga gonata yake, ni kuwa tun da na ji kana tafe nake haɗiyar yawu, shekara goma rabona da kifin teku.'

"Nan kunya ta rufe ni. Na ce ta faɗi abin da take so. Sai ta nuna tsohon zanen da nake shimfiɗawa in zauna, rinin mahaifina. Kin ji inda mu biyu muka yi wauta, ni da masunci."

Rumasa'u ta kalli tsuntsayenta. Ita da aka haifa a gidan marina, ko rinin zane ɗaya ba ta iya ba, abin ya yi mata zafi ƙwarai.

Ta ce, "Kaka, na ji. Kwana tara suka rage mini. Sun isa in koya?"

Ya ce, "Ba su isa ba. Naɗe hannun rigarki."