Maginin da Ya Nemi Aron Tsofaffin Wayoyi

Akwai wani mutum mai sayar da irin shuka, wanda bai yarda da kowa ba. Ko matarsa ce ta auna masa masara, sai ya sake aunawa. Manoma daga ƙauyuka masu nisa sukan sayi iri a wurinsa, har da wansa. Sai ya yi niyyar buɗe shafi a intanet, domin da zarar iri ya iso kowa ya gani a wayarsa, ya zo kafin lokacin shuka ya wuce.

Wani maginin shafuka ya zo ya ce masa, "Maigida, kayan ginin shafi iri-iri ne. Ni nakan zaɓi wanda ya bi ƙa'idar da masu wannan aiki a duniya suka yarda da ita, don kowace waya ta iya buɗewa. Amma sai na gwada. Ka aro mini tsofaffin wayoyin manomanka, har da ta makaho, wadda take karanta masa rubutu da murya."

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce a ransa, "Me yake nema a wayoyin mutanena? Lambobinsu yake so, ya kai wa mai sayar da iri na ƙetaren titi." Ya sallame shi ko ruwa bai ba shi ba.

Wani magini kuma ya zo da sabuwar waya mai faɗi. Bai nemi aron kome ba. Ya nuna shafi mai kyau, buhunan iri suna juyawa, ganye yana kaɗawa. Matar mutumin ta ce, "Maigida, me ya sa ba ya sakin wayar nan daga hannunsa? A gwada a tawa mana."

Maginin ya yi dariya, ya ce, "Uwargida, kayan ginina sun wuce tsohuwar ƙa'ida. Wayarki ce ta tsufa." Mutumin kuwa, da yake abin ya yi masa kyau a ido, ya yarda.

Iri ya iso, aka sa labari a shafi. Ruwa ya sauka, manoma ba su zo ba. Mutumin ya zauna kan buhunansa yana zarginsu ɗaya bayan ɗaya, wai sun haɗa baki sun koma ƙetaren titi.

Bayan shuka ta wuce, wansa ya zo, ya miƙa masa wata waya mai tsagaggen gilashi, ya ce, "Ƙanena, kullum ina buɗewa kamar yadda ka ce. Farin fili kawai nake gani. Na ɗauka iri bai zo ba, na shuka ragowar na bara, rabinsa bai tsiro ba." Mutumin ya karɓi wayar ya duba, kunya da baƙin ciki suka rufe shi.

Ma'anar misalin nan ita ce, 'yan'uwa: ƙa'idar nan Maganar Allah ce, wadda ba mu muka kafa ta ba, ba mu kuma da iznin rage ta. Magini na fari shi ne ɗan'uwan da yake gwada aikinmu da ita, shi kuwa muka fi zargi. Na biyu shi ne mai nuna mana kanmu yadda muke so, ba ma tambayarsa kome. Zargi muna da shi da yawa, wurin ajiye shi ne ba mu sani ba.

Muna cewa ƙofar ikkilisiyarmu a buɗe take, ta gidanmu ma haka. Mu da muke ciki ba mu ne za mu faɗi ko a buɗe take ba. A makon nan ku je ku tambayi wanda ya daina zuwa abin da ya gani sa'ad da ya ƙwanƙwasa.